Sunan Na'ura da Lambarta: Daidaita Warware Sunaye a Kwamfutocin Ƙananan Ma'aikatun Saga, Yamai

Takardar da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na masu kula da kwamfutoci da layukan sadarwa

Tsakure

Takardar nan ta dubi yadda kwamfuta take gano lambar wata na'ura daga sunanta, da yadda ake daidaita wannan aiki a manhajojin Linux da Windows. An gina nazarin bisa halin da ƙananan ma'aikatun unguwar Saga suke ciki: makarantu, ɗakunan shan magani, ofisoshin ƙungiyoyin manoman shinkafa da shagunan intanet. Abin da takardar take karewa shi ne, sunan na'urar da ke cikin gida a cikin gida ya kamata a warware shi. Al'adar rubuta 8.8.8.8 a kan kowace kwamfuta tana rataya aikin cikin ofis a wuyan layin waje, alhali layin nan da wutar da ke riƙe da shi ba su da tabbas a ƙasarmu. An bayyana tsarin da ya fi dacewa da mu, tare da wuraren da yake da rauni.

Gabatarwa



Saga tsohon gari ne na Zabarmawa wanda Yamai ta yi girma ta haɗiye. Yau yana cikin gunduma ta huɗu ta birnin, a bakin kogin Isa, kan hanyar Kollo, gonakin shinkafa na noman rani suna kwance tsakaninsa da ruwa. Wanda ya zauna a nan ya san abubuwa uku da ke yanke aiki ba sallama: ruwa, wuta da rezo. A daminar 2020 kogi ya yi cikar da ta kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ya shiga unguwannin bakin ruwa, har da tamu. A ƙarshen Fabrairun 2021 intanet ɗin wayar hannu ya tsaya na kimanin kwana 10 bayan zaɓen shugaban ƙasa. A farkon Agustan 2023 wutar da ke zuwa daga Najeriya ta tsaya, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin da ƙasar take amfani da shi a lokacin daga can yake fitowa. Ran 14 ga Maris 2024 kuma igiyoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a kusa da gaɓar Kwaddibuwa. Nijar ba ta da teku, layukanta ta ƙasashen maƙwabta suke bi kafin su kai ga waɗannan igiyoyi, don haka mu ma abin ya shafe mu.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta akwai ayyukan da babu dalilin tsayawarsu. Sakatariya tana son buga takarda a firintar da take gani da idonta. Malami yana son buɗe darasin da ke ajiye a kwamfutar ɗakin da ke kusa. Ma'aikacin lafiya yana son duba rajistar marasa lafiya da ke kan na'urar ofishin shugabansa. Babu ɗaya daga cikinsu da yake bukatar Cotonou ko Faransa. Amma sau da yawa aikin yakan tsaya, saboda kwamfutar da aka ce ta nemo "laburare" ko "rajista" ta tafi neman amsa a wajen ƙasa. Wannan kamar mutum ne yana neman gidan maƙwabcinsa a Saga, maimakon ya tambayi mai unguwa sai ya aika wasiƙa Amurka yana jiran a kwatanta masa.

Asalin lamarin a taƙaice

Na'urori da lambobi suke gane juna, mutane kuwa da sunaye. A zamanin ARPANET, fayil ɗaya ne mai suna HOSTS.TXT yake ɗauke da sunan kowace na'ura da lambarta. Cibiyar bincike ta Stanford da ke Kalifoniya ce take riƙe da shi ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Feinler, kowa yana kwafo sabo daga can. Da na'urori suka yi yawa, fayil ɗaya ya gaza. A 1983 Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS a takardun RFC 882 da 883, aka sabunta shi a 1987 da RFC 1034 da 1035. Tsarin ya rarraba alhakin sunaye hawa-hawa: tushe a sama mai sunayen uwayen garke 13 daga A zuwa M, sai yankuna irin su .com da .ng na Najeriya da .ne namu, wanda aka ba Nijar a 1996, sannan sunayen da ke ƙarƙashinsu. Tsohon fayil ɗin bai mutu ba. Yana nan a cikin kowace kwamfutar da ke gabanmu, kuma a mafi yawan lokuta shi ake fara dubawa.

Inda manhaja take dubawa, da wanda take fara tambaya

Abin da ya fi rikita sababbin ma'aikata shi ne ɗaukar warware suna a matsayin abu ɗaya. Hanyoyi ne da dama a jere, kuma jerin shi ne komai.

A Linux, fayil ɗin /etc/nsswitch.conf ne yake tsara jerin. A cikinsa akwai layi irin wannan:

hosts: files dns

Ma'anarsa, a fara duba fayil ɗin /etc/hosts, in ba a samu ba a tambayi DNS. A kwamfutocin tebur na Ubuntu da Debian akan tarar da mdns4_minimal a tsakanin kalmomin biyu, wato a tambayi maƙwabta kai tsaye game da duk sunan da ya ƙare da .local. Zan dawo kan wannan, domin tarko ne babba.

Fayil ɗin /etc/hosts ba shi da wuyar karatu. Lamba a farko, sai cikakken suna, sai gajeren suna:

127.0.0.1 localhost
192.168.10.2 laburare.makaranta.internal laburare

Debian da ƴaƴanta sukan ƙara layi mai lamba 127.0.1.1 ɗauke da sunan na'urar kanta. Wanda ya canza sunan kwamfuta da umarnin hostnamectl ya manta da wannan layi, zai ga sudo yana jinkiri yana ƙorafin bai gane sunan na'urar ba. Dalili shi ne kwamfutar ta fita neman sunan kanta a waje. In rezo yana da kyau jinkirin ba ya ko jawo hankali. In rezo ya yi nauyi, kowane umarni sai an jira.

Idan fayil bai ba da amsa ba, sai a koma /etc/resolv.conf, inda ake rubuta lambobin uwayen garken da za a tambaya. Akwai ƙa'idoji uku a nan da ya kamata kowa ya haddace. Lambobi uku kawai ake karantawa, ta huɗu ba a ko kallonta. Idan ba a canza ba, ana jiran amsa daƙiƙa 5, kuma sau 2 ake zagayawa, wato uwar garke ɗaya da ta yi shiru tana cin daƙiƙa 10 kafin a haƙura. Sannan layin search shi ne yake liƙa wa gajeren suna wutsiyarsa, ya mai da laburare ya zama laburare.makaranta.internal. Daƙiƙa 10 ba komai ba ne a baki, amma manhajar da take tambayar sunaye da yawa kafin ta buɗe takan mai da su mintuna, mai aiki kuma ya yanke hukuncin cewa kwamfutar ta tsufa.

A sababbin Ubuntu, wanda ya buɗe resolv.conf zai tarar da lamba ɗaya tak, 127.0.0.53. Wannan ba ta kowane kamfani ba ce. Ta systemd-resolved ce, wata ƙaramar manhaja da ke zaune cikin kwamfutar tana karɓar tambayoyi tana miƙa su gaba. Gyara fayil ɗin da hannu a irin wannan na'ura ɓata lokaci ne, domin da zarar an sake kunna ta ko an sauya layi za a shafe gyaran. Wurin gyara na gaskiya shi ne NetworkManager ko netplan, kuma umarnin resolvectl status ne yake nuna wanda ake tambaya a zahiri.

Windows tana da nata fayil a C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts, tsarin rubutunsa ɗaya da na Linux. Sai an buɗe Notepad da ikon mai gudanarwa kafin ya yarda a adana gyara, kuma a kula kada ya liƙa wa sunan fayil ɗin .txt, domin in ya liƙa Windows ba za ta karanta shi ba. Abin da ke cikin fayil ɗin ana loda shi a ma'ajiyar wucin gadi, wadda ipconfig /displaydns yake nunawa, ipconfig /flushdns kuma yake sharewa. Bayan ma'ajiya sai DNS. In DNS ya gaza a kan gajeren suna, Windows takan yi shela a cikin layin gida ta hanyar LLMNR da NetBIOS tana tambayar wa yake da wannan suna. Wannan shela ce take sa ofisoshi da yawa suke ganin komai yana tafiya ba tare da an daidaita komai ba. Hatsarinta kuwa, duk wanda ya shigo layin zai iya amsawa ya ce shi ne, kwamfutar kuma ta miƙa masa shaidar shigar mai aiki. A shagon intanet da kowa yake shigowa da na'urarsa, wannan ƙofa ce a buɗe. Kamfanin Microsoft da kansa ya sanar a Afrilun 2022 cewa zai riƙa janye waɗannan hanyoyi biyu. Wanda ya dogara da su yau, wata sabuntawa tana iya kwance masa aiki gobe.

Kalma ɗaya game da gwaji, domin a nan mutane da yawa suke ruɗar kansu. Umarnin nslookup da dig ba sa bin jerin da na bayyana. Kai tsaye suke tambayar uwar garke, ba sa buɗe fayil ɗin hosts da kansu. Wanda yake son ya ga abin da manhajojin kwamfuta suke gani, a Linux ya rubuta getent hosts laburare, a Windows ya gwada ping. Kuma a fara gwada lamba kafin suna. In lamba ta amsa suna bai amsa ba, to igiya lafiya take, rauta lafiya take, kada a je a ɗaga wa kamfanin waya hankali. Ciwon yana wajen warware suna.

Abin da ke faruwa a ɗakin kwamfuta bayan an ɗauke wuta

Bari in kawo misali daga wata makaranta a wannan yanki da aka kira ni in duba. Suna da ɗakin kwamfuta, da firinta ɗaya a ofishin darakta, da tsohuwar kwamfuta da aka ɗora wa Kiwix domin ɗalibai su karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. Layinsu akwatin 4G ne, irin mai lamba 192.168.8.1, shi ne kuma yake raba wa kowa lamba. Wanda ya haɗa musu kayan ya rubuta lambar kwamfutar Kiwix da ta firinta a fayil ɗin hosts na kowace na'ura, ya kuma sa 8.8.8.8 a ko'ina. Ranar da ya gama, komai ya yi aiki.

Sakatariya ce ta tarbe ni. Ta ce, "Malam, duk ranar da kuran ya ɗauke ya dawo, firintar nan sai ta yi fushi. Wani lokaci in na tura takarda ba ta fita, sai an kashe komai an kunna."

Na duba. Idan wuta ta dawo, akwatin 4G yakan manta wa ya ba wace lamba, sai ya raba sababbi bisa wanda ya riga tambaya. Wayoyin malamai, da yake suna da batir, su suke fara kamawa. Lambar da fayil ɗin hosts yake cewa ta firinta ce, a wannan safiya tana hannun wayar wani malamin lissafi. Kwamfutar sakatariya ba ta yi kuskure ba, abin da aka rubuta mata ta bi. Shi fayil ɗin hosts ba ya tambayar kowa, ba ya tsufa a idon manhaja, kuma yana gaban DNS a jeri. Ƙarya ɗaya a cikinsa ta fi ƙarfin gaskiyar duk uwayen garken duniya. Shi ya sa nake ganin amfani da shi a matsayin littafin adireshin ofis kuskure ne da zarar na'urori sun wuce uku ko huɗu, musamman a inda lambobi suke canzawa. Duk canji ɗaya sai an zagaya kowace kwamfuta, kuma dole a manta da wata.

Game da 8.8.8.8 kuwa, ina son in yi adalci. Google ta buɗe wannan hidima a Disambar 2009, Quad9 ta zo da 9.9.9.9 a 2017, Cloudflare ta zo da 1.1.1.1 ran 1 ga Afrilu 2018. Hidimomi ne masu ƙarfi, kuma ƴan'uwanmu ba a banza suka rungume su ba: lambar tana da sauƙin riƙewa, kuma sau da yawa ta fitar da su kunya a gaban mai aiki. Matsalar ita ce wurin da ake sa ta. Babu yadda za a yi uwar garken da ke waje ta san akwai wata na'ura mai suna laburare a Saga. Amsarta kullum ita ce babu wannan suna, kwamfuta kuma takan riƙe wannan amsa ta "babu" na ɗan lokaci a ma'ajiyarta.

Akwai kuma masu raba ƙafa: su sa uwar garken cikin gida a gurbi na farko, 8.8.8.8 a gurbi na biyu, da niyyar in ta farko ta faɗi ta biyu ta riƙe. Wannan ya fi kowane tsari wahalar da mai gyara. Manhajojin kwamfuta suna ɗaukar lambobin nan biyu a matsayin masu amsa iri ɗaya. Bayan ɗaukewar wuta, in kwamfutar ma'aikaci ta riga uwar garken gida tashi, sai ta koma ga ta biyu, kuma systemd-resolved yakan tsaya a kan wadda ya koma har sai ita ma ta gaza. Facebook yana buɗewa, rajistar ofis ba ta buɗewa, a kwamfutar da ke kusa kuma komai yana yi. A nan ake fara zargin ƙwayar cuta, har a goge na'urar da ba ta da laifi.

Tsarin da nake ba da shawara

Kowace ma'aikata da ke da na'urorin da ake rabawa ta ajiye uwar garken sunaye guda a cikin gida, ita ce kuma za ta riƙa raba lambobi. Manhajar dnsmasq, wadda Simon Kelley ya fara fitarwa a 2001, tana yin ayyukan biyu tare, kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfuta ko Raspberry Pi ta ishe ta. Ga zuciyar daidaitawar:

domain=makaranta.internal
local=/makaranta.internal/
expand-hosts
domain-needed
bogus-priv
dhcp-range=192.168.10.50,192.168.10.150,12h
cache-size=1000
server=9.9.9.9

Layi na biyu yana cewa duk sunan da ya ƙare da makaranta.internal a nan za a amsa shi, kada a fita da shi. Na uku yana ɗaukar gajerun sunayen da ke /etc/hosts na wannan na'ura guda ya liƙa musu wutsiya, ya raba wa kowa. Wato fayil ɗin hosts ya dawo matsayinsa na asali, guda ɗaya a wuri ɗaya. Na huɗu da na biyar suna hana gajerun sunaye da tambayoyin lambobin cikin gida tsallakawa waje. Firinta da sauran na'urorin da ake rabawa a ɗaure kowace da lambarta ta hanyar layin dhcp-host, a wajen zangon da ake raba wa wayoyi. Ma'ajiyar dnsmasq sunaye 150 take riƙewa in ba a ƙara ba, shi ya sa na ɗaga ta. A layin ƙarshe ne ake sa uwar garken waje, ta kamfanin da ya ba ku layi ko ɗaya daga cikin na duniya, ko duka. Nan ne mazaunin 8.8.8.8 na gaskiya: bayan uwar garken gida, ba a gefenta ba.

Kwamfutocin ma'aikata kuma a bar su su karɓi komai kai tsaye. Kada a rubuta musu wata lambar DNS da hannu. Dole a kashe rabon lambobi a kan rautar kamfani, domin masu rabo biyu a layi ɗaya rikici ne. Wasu rautocin ba sa yarda a kashe, to sai a sa wata ƙaramar rauta a bayansu, layin gida ya zauna a ƙarƙashinta. Wannan yana da wata fa'ida a yau da ofisoshi suke sauya layi tsakanin Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom, wasu kuma suka ɗauko Starlink tun da ya fara aiki a ƙasar a 2025. Ko wane layi aka jona a waje, lambobin ciki da sunayensu ba sa motsi.

Ga wanda layinsa yake yawan yankewa na ɗan lokaci, akwai dabarar da RFC 8767 ta 2020 ta halatta: in wa'adin amsa ya ƙare kuma ba a samu sabuwa ba, a ba da tsohuwar. Manhajar Unbound tana yin haka da serve-expired, dnsmasq kuma tun fitowa ta 2.88 tana da use-stale-cache. Ba za ta dawo da intanet ɗin da ya yanke ba, amma tana rage cijewar da ake samu in layi yana numfashi sama-sama.

Tsarin yana da rauni, kuma gara in faɗe shi da bakina. Na'ura ɗaya ce ta zama ginshiƙi, in ta faɗi kowa ya tsaya. Don haka ita da rauta da mahaɗar igiyoyi su zauna a kan batir ɗaya, ko ƙaramin faifan hasken rana, tunda duka ba su cin wutar kirki. A rataye su sama a bango, nesa da ƙasa, don mun ga abin da ruwa ya yi a 2020, kuma a wurin da iska take shiga, don zafin Afrilu da Mayu a Yamai yana wuce digiri 40. Inda hali ya samu a yi guda biyu masu amsa iri ɗaya, su ne za su cika gurbi na farko da na biyu.

Akwai wani tarko da ban cika jin ana ambatarsa ba, shi ne agogo. Raspberry Pi kafin samfuri na 5 ba ta da agogon da ke ci gaba da tafiya in an kashe ta. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, takan tashi da kwanan wata na baya. Idan an kunna DNSSEC, wato tantance sa hannun amsoshi, sa hannun yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, agogon da ya ɓata yana iya sa a ƙi amsoshi masu kyau. Gyaran agogo kuma yana bukatar a warware sunan uwar garken lokaci. Kowane yana jiran ɗan'uwansa. Maganin ƙaramin agogo ne mai batir irin DS3231, ko a rubuta aƙalla uwar garken lokaci ɗaya da lambarta maimakon sunanta.

Wane suna za a raɗa?

Ba kowace wutsiya ake ƙirƙira ba. Kada a yi amfani da .local, domin RFC 6762 ta 2013 ta keɓe ta ga mDNS, wato tambayar maƙwabta kai tsaye, kuma kamar yadda muka gani, Linux da na'urorin Apple sukan tare irin wannan suna kafin ya kai ga uwar garkenku. Waɗanda suka ƙirƙiri .dev don aikin cikin gida sun ji jiki, domin Google ta mallaki wannan yanki, a ƙarshen 2017 kuma Chrome ya fara tilasta HTTPS a kan duk sunan da ya ƙare da shi. Wutsiyar .lan ta yaɗu a rautoci amma babu takardar da ta keɓe ta. Abin da aka keɓe a hukumance biyu ne: home.arpa ta RFC 8375 a 2018, da .internal wadda hukumar ICANN ta ware a 2024 don amfanin cikin gida.

Ma'aikatar da take da hali kuwa, abin da ya fi shi ne ta yi rajistar sunanta a ƙarƙashin .ne, ta yanki reshe ɗaya don na'urorin ciki. Tun 2015 masu ba da takardar shaidar HTTPS suka daina bayarwa ga sunayen da ba a yi wa rajista ba, don haka rajistar marasa lafiya da ake son a ɓoye zirga-zirgarta ta fi samun sauƙi da suna na gaske. SONITEL aka danƙa wa yankin .ne, kamfanin da aka haɗe da SahelCom a 2016 aka samar da Niger Telecom. Suna ne namu, ya kamata a riƙa ganinsa a ƙofar makarantunmu da asibitocinmu.

Sai batun haruffa. Ƙa'idar RFC 952 da RFC 1123 ta yarda da haruffan a zuwa z, da lambobi, da karan tsakiya kawai, kowace gaɓa kada ta wuce harafi 63. NetBIOS kuma 15 yake ɗauka, don haka gajeren suna ya fi. Ba a sa ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ kai tsaye, ba a sa é ta Faransanci, ba a kuma sa alamar ɗauri da ke cikin ma'aji ko na'ura. Akwai tsarin IDNA da yake mai da irin waɗannan haruffa wani rubutu mai farawa da xn--, amma ba kowace firinta ko tsohuwar manhaja take gane shi ba, alamar ɗauri kuwa ko a can ba ta shiga. A layin cikin gida shawarata a zaɓi kalmomin da ba su da lanƙwasa tun asali: laburare, rajista, ajiya, firinta, aji1, aji2. Hakan ya fi a rubuta ɗaki a matsayin daki, a koya wa ɗalibai kuskuren rubutu da hannunmu. A matakin ƙasa kuwa maganar daban ce. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, masu son sunaye da harsunanmu za su ƙaru. Rajistar kowane yanki ita take yanke haruffan da za ta karɓa. Ina roƙon masu riƙe da .ne su tabbata haruffan Hausa da Fulatanci da Zabarmanci suna cikin jadawalinsu.

Wayoyi da manhajojin lilo

Wani sabon abu yana ƙetare duk abin da muka tsara. Tun Android 9 akwai zaɓin da yake aika tambayoyin suna a ɓoye zuwa wata uwar garke ta waje bisa RFC 7858. Firefox da Chrome kuma suna iya yin nasu ta cikin HTTPS bisa RFC 8484 ta 2018. Niyyar mai kyau ce, kare sirrin mai amfani. Amma wayar da aka ɗaure ta da sunan wata uwar garken waje ba za ta ga laburaren makaranta ba, kuma fayil ɗin hosts na Android ba a taɓa shi sai an fasa kariyar wayar. A kwamfutocin ma'aikata a daidaita manhajar lilo ta bi tsarin gida. A wayoyin mutane kuwa ba mu da iko, sai bayani: a bar zaɓin a kan na kai tsaye. Takarda ɗaya a bango, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, tana rage tambayoyi da yawa.

Kira

Ga malamanmu na Jami'ar Abdou Moumouni da makarantun koyon sana'a, ina roƙon a ba wannan darasi zama na kansa a ɗakin gwaji, a kuma koyar da shi da layin waje a cire, domin ɗalibin da bai taɓa ganin yadda na'ura take yi in ta rasa amsa ba zai fara ganinsa ne a gaban mai aiki. Ga shugabannin ma'aikatu, duk wanda ya haɗa muku layi ku nemi ya bar muku takarda mai ɗauke da sunan kowace na'ura da lambarta da wurin da ake gyara su, kafin ku sallame shi.

Ku kuma ƴan'uwa abokan aiki, in kun koma wuraren aikinku ku yi wannan gwaji kafin ku taɓa komai. Ku zare igiyar waje daga rauta, ku kashe dukan na'urori, ku kunna su yadda suka ga dama kamar wuta ce ta dawo, sannan ku ce sakatariya ta buga takarda, malami ya buɗe laburare da sunansa. Duk abin da ya ƙi yi a wannan hali, daga nan za ku fara gyara.